Bugu na Uku

A unguwarmu ta bayan tashar manyan motoci a Potiskum, ba wanda ya taɓa kiran Ene da sunanta sai fastonsu. Mu Maman Ochai muke ce mata, yara kuwa da sunan ya yi musu nauyi a baki suka mayar da ita Maman Shayi, ita ma ta amsa. 'Yar Idoma ce daga wajen Otukpo. Mijinta ne ya kawo ta tana amarya, lokacin yana tuƙa tirelar shanu daga kasuwarmu zuwa kudu. Da ciwon suga ya kwantar da shi, sai ya kafa mata injin niƙa a wata rumfar kwano a ƙofar gidan da suke haya, bai ƙara shekara biyu ba ya mutu. Aka kai gawarsa garinsu, dangi suka ce ta yi zamanta, ta ce to wa zai niƙa wa mutanenta? Ta dawo da ɗanta guda, Ochai, ta tayar da inji.

Ni Halimatu Sadiya, katanga ɗaya ce tsakanina da injin nan shekara ashirin da ɗoriya, don haka in na ce na san ta, ba a bakin wani na ji ba. Gajeriya ce kakkaura, kullum fari fat da gari tun daga gira har yatsun ƙafa. Ƙarar inji ta cinye mata rabin ji, saboda haka ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa za ta yi sai ka ce da wani take faɗa a tsallaken titi. Hausarta ta nuna sarai, sai dai in ranta ya ɓaci takan rikita ta, ta ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke. Ba kuma zan ce tana da sanyin hali ba. In kika kawo hatsi da tsakuwa a ciki, sai kin ji tarihin wadda ta koya miki rairaya.

Abin da ya sa muke haƙuri da bakinta shi ne wata tsohuwar muciya da ke jingine a gindin injin. Duk inji yana riƙe gari a wuyansa bayan an gama niƙa. Masu inji da yawa sukan bar shi nan, da yamma su kakkaɓe su sayar wa masu kiwon kaji. Maman Ochai kuwa in ta gama naki sai ta ɗauki muciyar ta bugi wuyan injin sau uku, garin ya zubo a kwanonki. Takan ce bugu na ɗaya naki ne, na biyu na yaranki, na uku shi ne na tsoron Allah. Har daga wasu unguwanni mata ke tsallake injinan ƙofar gidansu su zo wurinta saboda bugun nan.

Kuma ta san cikin kowane gida fiye da mai unguwa. Kwano kawai take dubawa. Ta san wadda mijinta ya yi ciniki ranar kasuwa, ta san wadda ta sauka daga gero zuwa masara, ta san wadda ta fara gauraya dusa. Sau da yawa na yi ƙoƙarin jan bakinta, don ni ma ba waliyiya ba ce, amma ko sau ɗaya ba ta ba ni abin da zan kai gaba ba. Sai ta harare ni ta ce, "Sadiya, ku ne kuka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Sannan shekarun nan suka zo. Ba sai na tsaya bayani ba, wanda ya zauna a garin nan ya san su. A shekarar da aka shiga kasuwar shanu da bindigogi aka cinna mata wuta, unguwarmu ta yi jana'iza shida a wuni ɗaya. Cikinsu har da Babaji, dillalin shanu, mutum mai yawan dariya da ke tsokanar Maman Ochai cewa ta ba shi auren injinta. Ya bar mata ɗaya, Fanne, da 'ya'ya mata uku, ƙaramarsu Auta tana goye.

Fanne Babarbariya ce daga wajen Damagum, doguwa, mai tsabta har ta ba ka haushi. Turaren wuta da humra take haɗa wa amare, in ta wuce layi sai a yi minti biyar ana jin ta. Ba ta taɓa aron ko gishiri a wurin kowa ba. Ta fita takaba ta tarar da gari ya canja. 'Yan'uwan Babaji sun watse, wasu Kano, wasu Azare. Biki ya koma ɗaurin aure a zaure da mutum goma, ba mai neman humra. Ta sayar da gadonta, ta sayar da keken ɗinki, duk a ɓoye, ta hannun wata dillaliya daga can ƙarshen gari.

A lokacin ne kuma mutanen Maman Ochai suka yi ta barin gari. Kullum da safe za ka ga mota a ƙofar wani gida ana ɗaure katifa a sama. Cocinsu ya koma mutum bakwai suna addu'a a ɗakin wani, ba ganga ba waƙa. Ochai, wanda ya riga ya koma Makurdi yana aiki, ya yi ta kiran waya yana roƙo har da kuka. Ina jin amsarta ta katanga, don ba yadda za a yi in ƙi ji. Cewa take inji ba ya shiga jaka, kuma ita ba ta ci wa kowa komai ba. Tana jin tsoro, na sani, don na ga ta cire gicciyen da ke rataye a rumfar ta sa a cikin riga. Amma ba ta tafi ba.

Daminar shekarar da ta biyo baya ita ce ta fi muni. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka yanke layin waya, babur dama an hana. Gonakin da ke nesa da gari suka gagara zuwa. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A wannan daminar ce muka lura Maman Ochai ta rage bugu. Ta buga ɗaya, ta buga biyu, ta jingine muciya. Ranar farko na ɗauka mantuwa ce. Da abin ya ɗore sai muka fara magana, kuma ni ce a gaba. Na ce ashe tsoron Allahn nata na lokacin ƙoshi ne. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a bakin famfo. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka ni ce mai kirki a labarin nan.

Sai daga baya, bayan komai ya lalace, ta gaya mini inda bugu na uku yake zuwa.

Fanne na zuwa niƙa duk bayan kwana ɗaya, da kwanon silba rufe da faifai, an ɗaure shi da ƙyalle mai tsabta. Takan jira sai kowa ya watse sannan ta miƙa. Da farko gero ne rabin kwano. Sai ya koma dawa da dusa. Sai dusa zalla, wadda ake ba awaki. Wata ranar Talata Maman Ochai ta kwance ƙyallen ta ɗaga faifai, ba komai a ciki, an ma wanke kwanon tas. Fanne ba ta zo roƙo ba. Ta zo ne don maƙwabta su gan ta ta fita da kwano ta dawo da kwano, kuma ta yi niyyar ta gaisa kawai ta juya, sai Maman Ochai ta riga ta karɓe shi daga hannunta kamar kullum. Suka tsaya. Fanne ta kafa wa bangon rumfa ido ta ce, "Da laushi, Maman Ochai."

Maman Ochai ta mayar da faifan. Ta tayar da injin ba komai a cikinsa, ta bar shi yana ruri yana shan man da ita ma da ƙyar take samu, don duk layin ya ji ana yi wa Fanne niƙa. Sannan ta bugi wuyan injin, abin da ya maƙale na wunin ya zubo. Bai kai tafi biyu ba. Fanne ta ɗaure ƙyallenta ta ce, "Na gode da niƙa." Daga ranar Maman Ochai ta daina ba mu bugu na uku, tana tara shi a wata roba a bayan buhunan wofi. Garin kowa ne a gauraye, gero da dawa da masara, wani lokaci har da ɗanɗanon barkonon wata. Da shi ake dama kunun da ya riƙe yara uku wata uku. Ba wadda ta taɓa ambatar maganar a tsakaninsu.

Ana cikin haka labari ya zo cewa 'yan asalin garin nan mazauna Abuja da Legas sun haɗa taimakon gaggawa. Kowane gidan da aka zaɓa zai sami buhun gero, da wake, da galan ɗin man gyaɗa. Gidajen da ke cikin wahala sun fi buhunan yawa nesa ba kusa ba, don haka aka ce sai an shiga an gani da ido. A unguwarmu Malam Abdulrahim aka ɗora wa aikin, tsohon malamin gona, mutumin da ko maƙiyinsa ba zai ce ya taɓa cin haƙƙin wani ba. Tare da shi akwai wata Hajiya da masu taimakon suka turo. Mai unguwa ya sa sunan Fanne cikin waɗanda za a duba, tunda matar mamaci ce mai marayu.

Ana gobe za su zo, da la'asar, Fanne ta yi sallama a gidana. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi kowa har akuyata, sannan ta ce, "Yaya Sadiya, gobe ina da baƙi." Ban bari ta ƙarasa ba. Na san ɗakinta ya zama fili, na kuma san wannan ne karon farko da ta buɗe baki ta nemi abu a duniya. Na naɗe kafet ɗina na ɗaki, na ciro labule, na haɗa filas da kofunan gilas da nake ajiye wa surukai, na ƙulla ganyen shayi da sukari. Har rigar jikata mai dogon hannu na ba ta don Auta, saboda na ga hannun yarinyar ya zama kamar sillen kara, na ce bai kamata baƙi su gani ba. Da kaina na kai kayan ta ƙofar baya. Na dawo ina jin daɗin kaina, wai na rufa wa maƙwabciya asiri. Baƙonka annabinka, haka aka koya mana, ba wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai baƙon da ke zuwa don ya ga tsiraicinka.

Ina wurin da suka zo. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai. Fanne ta tono ragowar turaren da ta ɓoye ta sa a kasko, ƙamshi har zaure. Yara sun sha wanka, an shafa musu mai, an zaunar da su a jere. Hajiyar ta zauna a kan kafet ɗina, ta kurɓi shayina a kofina, ta dubi labulena.

"Baiwar Allah, yaya kuke fama da abinci?" in ji ta.

"Alhamdulillahi, Hajiya."

"Sau nawa yaran ke ci a rana?"

"Yadda Allah ya hore."

"Akwai abin da kuka fi buƙata yanzu?"

Fanne ta gyara mayafinta. "Addu'arku, Hajiya. Asirinmu a rufe yake."

Malam Abdulrahim bai rubuta komai ba, don ya san wannan amsar. Gida arba'in ya shiga, kusan duk ita aka ba shi, har gidan da ya tarar ana dafa ganye ba gishiri. Saboda haka ya ƙirƙiro tasa dabarar, kuma dabara ce ta mai hankali. Ba ya tambayar masu gida, maƙwabta yake tambaya, tambaya ɗaya tak. Da muka fito zaure ya rage murya ya ce mini, "Malama Sadiya, tsakaninki da Allah, kina ganinta tana zuwa niƙa?"

Na ce, "Duk bayan kwana ɗaya, Malam. Ba ta fashi." Har da ɗaga kai na faɗa, kamar mai kare mutuncin 'yar'uwa a gaban kotu.

Ya gyaɗa kai ya ce gidan da ke zuwa niƙa da sauran numfashinsa, akwai waɗanda rabonsu da inji tun kafin azumi. Ya ja layi a kan sunan. Na ga lokacin da ya ja, kuma Allah ya sani ban ji komai ba sai ɗan alfahari.

Ranar Asabar da hantsi aka yi rabo a ƙofar gidan mai unguwa. Sojoji sun ba da awa ɗaya, ba a son taro ya daɗe. Malam na kiran suna, mace ta fito, a ɗora mata buhu a baro. Maman Ochai ta kashe inji ta zo kallo, fari fat kamar kullum, ta tsaya kusa da ni. Tunda ba ta ji sosai, bayan kowane suna sai ta taɓa ni ta ce wa aka kira. Da Malam ya ninke takarda ta ce, "Ya Fanne fa?" Na ce ai Fanne ba ta ciki, an duba an ga tana da hali.

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ratsa mata ta isa gaban Malam, ta kama hannun rigarsa ta jawo shi gefe, ta kai bakinta kusa da kunnensa. Na rantse a ranta raɗa take yi. Ta yi duk abin da mai raɗa ke yi, har da kare baki da tafin hannu. Amma shekara ashirin tana magana a kan ƙarar inji, kuma ranta a ɓace yake.

"Malam, ke ba ki san komai ba. Fanne ba shi da ko ƙwaya ɗaya a gida. Wata uku kwano wofi yake kawo mini. Ni nake tayar da inji a banza, ni nake zuba masa garin mutane. Ki je ki ɗaga rigar yarinyar ki gani."

Masu tura baro suka tsaya cak. Sai na ga idanun mata suna juyawa baya ɗaya bayan ɗaya. Ranar niƙan Fanne ce. Ta je ta tarar da rumfa a rufe, ta biyo taro tana neman mai inji. Tana tsaye a bayanmu, Auta a goye, kwanon silba a tafin hannunta, rufe da faifai, ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Mata wajen sittin suka zuba wa kwanon ido. Fanne ta ɗaga kwanon. Ta ɗora shi a ka, ta juya, ta tafi a hankali, tafiyarta ta kullum, har ta sha kwana.

Malam Abdulrahim ya cire hula ya share fuska. Buhunan duk sun sami masu su, kuma ba wadda za ka ce ta mayar, don kowacce da nata yaran. Ya ce akwai mota ta biyu da ke tafe, sunan Fanne ne zai zama na farko. Ya rubuta a gabanmu.

Daga ranar Fanne ba ta ƙara zuwa inji ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau: maganar da aka yi don a cece ta ita ce ta yanke mata ɗan kunun da take samu. Mata suka ɗiba daga buhunansu suka aika mata, ta mayar da godiya, ta ce a kai wa mabuƙata. Malam ya aiko matarsa da kwarya guda daga rumbunsa, ita ma ta dawo da ita. Maman Ochai ta wanke garin jikinta, abin da ba ta yi sai ranar Lahadi, ta je har ƙofar ɗaki ta durƙusa. Fanne ta amsa mata daga bayan ƙyaure, gaisuwa cikakkiya, lafiya lau, ba komai, Allah ya bar zumunci. Ba ta buɗe ba. Maman Ochai ta ba ni robar garin in kai. Fanne ta dubi robar ta dube ni ta ce, "Yaya Sadiya, in kina so mu ci gaba da gaisawa, ki mayar."

Kada a ce ta zauna ta naɗe hannu. Kullum da sassafe takan tafi can wata unguwa inda ba a san ta ba, ta yi surfe da wankau a ba ta abin da aka ba ta. Manyan 'yan matan suna yawon tsinkar tafasa da rama a bayan gari, iyakar inda sojoji suka yarda a kai. Babba zai iya rayuwa a kan ganye. Auta shekararta biyu da 'yan watanni. Zawo ya kama ta a ƙarshen damina, gashinta ya yi ja ya fara zuba, ƙafafunta suka kumbura har wata maƙwabciya ta ce kai, yarinya ta fara ƙiba.

Motar ba ta zo ba. An kai hari a hanya, aka rufe ta, aka buɗe, aka sake rufewa. Kullum Malam sai ya je tasha ya tambaya. Sati bakwai ana haka.

Ranar da na shiga na ga Auta kwance ko ƙuda ba ta iya korewa, na manta da duk wata kunya da aka koya mini. Na gaya wa Fanne maganar da ban taɓa gaya wa mutum ba. Na ce asirin da take rufewa duk gari ya gama gani, saura ta rufe 'yarta da ƙasa. Hawaye suka zubo mata. Na saɓi yarinyar na goya, ba ta fi nauyin zani jiƙaƙƙe ba, muka taka har asibiti. Ma'aikatan sun yi iya yinsu, sun sa ruwa, sun ba da madarar da suke ba irin waɗannan yara. Wata nas ta ce da ma sati biyu da suka wuce muka kawo ta. Kwana huɗu muka yi. Ranar Laraba da azahar Auta ta cika.

Ranar Alhamis motar ta iso. Malam Abdulrahim bai aiko kowa ba, da kansa ya turo baro da buhun Fanne a kai, tsoho da shi, ya ratsa masu zaman makoki a ƙofar gida. Ya tsaya a zaure ya kasa sallama. Na shiga na gaya wa Fanne. Na ɗauka za ta ce a mayar. Sai ta ce, "A shigo da shi."

Na yi shekaru ina neman wanda zan ɗora wa laifin nan, don in huta. Malam ya yi tambayar da ta dace. Maman Ochai ta ciyar da su wata uku, ta kuma faɗi gaskiya ranar da ta ga ba makawa. Ni na ba da aron kafet. Fanne ta faɗi abin da uwata za ta faɗa, abin da ni ma zan faɗa gobe in aka shigo gidana da takarda. Kowa ya yi abin da aka san mutumin kirki da shi, yarinya kuma tana maƙabarta. Har yanzu in na ji mace ta ce asirinmu a rufe yake, sai in fara leƙen hannun yaranta.

Bayan arba'in yayan Fanne ya zo daga Damagum ya tafi da ita da 'yan matan biyu. Maman Ochai ta ƙara shekara biyu a garin, sannan Ochai ya zo da mota bai nemi shawararta ba. An sayar da injin ga wani mutumin Nangere. Muciyar tana wurina. Na nemi gafararta kan maganar da na yaɗa kafin ta tafi, ta ce ba ta ji ba, kuma ban san ko kunnen take nufi ba.

Amma in na tuna ta, ba ranar tafiyarta nake gani ba, safiyar Juma'ar nan nake gani, ranar sadakar ukun Auta. Ana buƙatar garin gumba da za a raba wa masu addu'a. Na ce zan aika a niƙo a wani wuri, Fanne ta ce a'a. Ta yafa mayafi ta ɗauki kwanon silba, na bi ta a baya. Akwai mata biyar a layi, suka matsa mata. Wannan karon ba ta jira kowa ya watse ba. Ta miƙa kwanon a gaban kowa.

Maman Ochai ta karɓa, hannunta ya yi ƙasa saboda nauyin da ba ta zata ba. Ta kwance ƙyallen ta ɗaga faifai. Gero ne cike har baki, wankakke, ba tsakuwa ko ɗaya.

"Yau akwai, Maman Ochai," in ji Fanne. "Da laushi."

Maman Ochai ta buɗe baki ta rufe. Tunda nake da ita ban taɓa ganin magana ta gagare ta ba sai ranar. Ta juye geron, ta tayar da inji. Hawaye na bin garin fuskarta suna barin layi biyu baƙaƙe, ba ta share ba. Da ya gama zuba ta kashe injin, ta ɗauki muciya. Ta buga ɗaya, ta buga biyu. Ta ɗan tsaya, sannan ta buga na uku, garin ya zubo a kwanon Fanne.